Ciwon sukari na manya: abin da tuwo, da aiki, da allura ke yi cikin jini

 Kun saba ganin hannuna a wanga shafi bisa maganar iri, da taki, da tsutsar zangarniya. Yau zan ratse kaɗan. Ni ba likita ba ne, malamin gona ne, kuma ga dalilin da ya sa na shiga gonar da ba tawa ba.

Bara, lokacin noman farko, kawuna ya faɗi cikin gonarshi ta aya. Shekara 6 ke nan yana fama da ciwon sukari, kuma a rani likita ya ɗora shi bisa allura. Ran nan ya yi allurarshi da asuba, fura ba ta kammala ba, ya ce a biyo shi da ita, ya saɓa hauya ya fita. Da hantsi sai zufa ta karyo mashi, hannu na karkarwa, yana maganar da ba ta da kai. Akwai tsamiya a gefen gonar, don haka nan da nan aka ce iska ce, har wani ya tafi neman garwashi da turare. Ɗiyarshi mai zuwa kolej ce ta tuna abin da majo ya gaya masu a gidan likita. Ta jiƙa ƙwayar sukari ukku, ta ba shi tun yana iya haɗiya. Kafin minti 20 ya dawo cikin hankalinshi.

Da na je gaishe shi ya ce mani: "Ɗana, ku da kuka yi lakwal, yaya za a ba mai ciwon sukari sukari, ya warke?" Na ce: "Kawu, ba ni kwana biyu." Abin da aka koya muna a lise ya dushe, sai da na koma na tambayi ma'aikatan lafiya, na sake karatu. Abin da na samo shi ne wanga. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Sukarin jini ba na kanti ba ne kaɗai

Mutane da yawa in aka ce masu suna da wanga ciwo sai su ce: "Ni da ban shan shayi?" To, ku gwada wani abu. Ku gutsuri burodi ku yi ta tauna ba ku haɗiye ba. Jim kaɗan za ku ji zaƙi. Garin da ke cikin hatsi, da dawa, da masara, da shinkafa, da alkama, da rogo, da dankali, sukari ne da aka ƙulla ƙwaya bayan ƙwaya kamar tasbaha. Miyau ke fara tsinka shi, hanji ya ƙarasa, ya shiga jini ƙwaya ɗai-ɗai. Kusan kashi biyu cikin ukku na nauyin hatsi wanga gari ne. Ke nan duk wanda ya ci tuwo ya ci sukari, kuma ba laifi ba ne: shi ne man da jiki ke aiki da shi. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana ƙone wajen giram 120 a wuni da kwana.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da jini ke riƙewa. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. Da safe, kafin a ci komi, kowace lita tana ɗauke da wajen giram 1 na sukari. Duka-duka giram 5, misalin ƙwayar sukari guda. Ku da muka yi aikin sa taki a rami tare, kun san giram 6 na 15-15-15 muke sa ma kowane gindin hatsi. To, sukarin da ke yawo cikin jinin mutum lafiyayye bai kai takin rami ɗaya ba. Amma akushin tuwo guda yana zuba ma jini ninkin wannan sau goma, ko ashirin. Ina yake zuwa?

Bayan tumbi akwai wata tsoka doguwa, misalin santimita 15, wadda likitoci ke ce ma fankireyas. Ba saifa ba ce, ba hanta ba ce. Da ta ji sukari ya hau sai ta saki wani ruwa cikin jini, sunanshi insulin. Aikinshi kamar na mai gida ne ranar ɗaukar damma: shi ke ba da umurni a buɗe bakin rumbu a shigar da abin da aka kawo. Tsokar jiki ta ɗauki nata, tana iya ajiye wajen giram 400. Hanta ta ajiye wajen giram 100. Abin da ya yi saura a mai da shi kitse. Ga mai lafiya, sukari yana kai ƙololuwa wajen awa ɗaya bayan cin abinci, kafin awa biyu zuwa ukku ya koma gurbinshi. Cikin dare kuma, ko ranar azumi, insulin ya ja baya, hanta ta riƙa ɗebo ajiyarta kaɗan-kaɗan tana zuba ma jini, kamar yadda uwargida ke ɗebo awo daga rumbu.

A ciwon sukari na manya, wanda likitoci ke kira iri na biyu, abu biyu ke lalacewa. Da farko bakin rumbunan ya yi tauri: insulin na nan, yana ba da umurni, amma tsoka da hanta ba su jin maganarshi sosai. Sai fankireyas ta ninka aiki don ta cike giɓin. Tana iya yin haka shekaru mutum bai san komi ba. Daga baya ta gaji, abin da take saki ya kasa. A nan ne sukari ke taruwa cikin jini, jiki kuwa na jin yunwa, ga abinci a ƙofa an hana shi shiga. Ita ma hanta, tun da ba ta jin umurnin rufewa, sai ta kwana tana zubowa. Wannan ne amsar masu cewa: "Na kwana ban ci komi ba, me ya sa awon safe ya hau?"

Fiye da 9 cikin 10 na masu ciwon sukari wanga iri gare su. Gado yana ciki, shekaru suna ciki, teɓa da yawan zama suna ciki. A nan ƙasarmu ana yi mashi kirari da ciwon Alhazai, kuma wannan magana ta cuci talakawa, don siririn manomi ma yana kamuwa, sai ya ƙi zuwa awo yana cewa ba irin ciwonshi ba ne. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007 ya sami kashi 4,3 cikin 100 na manyan Nijar da wanga ciwo. A 2021 ƙungiyar duniya ta masu yaƙi da ciwon sukari ta ƙiyasta mutum miliyan 24 a Afirka, fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

In sukari ya wuce wajen giram 1,80 a lita, ƙoda ba ta iya tare shi, sai ya bi fitsari ya ja ruwa tare da shi. Daga nan ne yawan fitsarin dare, da ƙishirwar da randa ba ta kashewa, da kiyashi a wurin da aka yi bawali, da rama duk da ana ci. Amma kar a jira waɗannan. Awo ɗigon jini ne daga yatsa, da safe, bayan awa 8 ba a ci komi ba. In an sami 1,26 ko fiye har sau biyu a ranaku dabam, ciwon ya tabbata. Ku lura da wani abu, mu da ke bakin iyaka: wani injin awon yana rubuta 126, wani kuma, musamman cikin masu shigowa daga Najeriya, yana rubuta 7,0. Duk awo ɗaya ne, mudun ne ya bambanta. A tambayi majo wane mudu injin ke aiki da shi.

Ɓarnar kuwa kun san irinta. Taki in ya yi yawa a gindin shuka, ƙananan saiwoyi yake fara ƙonewa. Haka sukari ke cin ƙananan hanyoyin jini na ido, da na ƙoda, da jijiyoyin ƙafa, a hankali, shekara bisa shekara. Ƙafar da ta daina ji, ƙaya na shiga mai ita bai sani ba. Mai wanga ciwo kar ya shiga gona ba takalmi, kuma ya duba tafin ƙafarshi kowane dare.

Abin da ke cikin ƙwarya

Ba a ce mai ciwon sukari ya bar hatsi ba. Wanda ya gaya maku haka bai san rumbunmu ba. Abu ukku ke sa abinci ya ɗaga sukari: yawanshi, da saurin da yake barin ciki, da abin da aka haɗa shi da shi.

Maganar sauri ita ce ta fi ba ni sha'awa, don a nan abincinmu na gado ya yi zarra. A Bamako an yi wani bincike da aka buga a 2018: aka ba mutane tuwon hatsi, da na dawa, da burabuskon hatsi, da shinkafa, da taliya, da dankalin turawa, aka auna lokacin da kowanne ke ɗauka kafin ya bar tumbi. Na hatsi da dawa sun daɗe kusan ninki biyu. Kakanninmu da ke cewa tuwo ya fi riƙe ciki ba su yi ƙarya ba. A 2021 kuma masana na ICRISAT, wadda ke da cibiya a Sadore kusa da Yamai, suka tattara bincike da dama suka nuna dangin hatsi ba su ɗaga sukari da sauri kamar farar shinkafa da garin alkama. Abin takaici, yau a kasuwar Cadawa ko ta Tsibiri mutum na sai da tiyar hatsi ya sayi taliya, yana ganin ya ci gaba.

Sai dai hatsin ma ya danganta da yadda aka sarrafa shi. Duk abin da aka surfe tas, aka kai inji ya yi laushi kamar toka, aka dama shi ruwa-ruwa, to an riga an yi ma hanji rabin aikinshi. Koko da kunu suna shiga jini da sauri fiye da tuwo mai tauri. Fura ita ce babbar magana, don ita ce abincin ranarmu. Nonon da ke ciki yana da amfani. Matsalarta biyu: sukarin da aka koyi zuba mata, da yadda ake shan ta ba lissafi, ana wucewa ana kurɓa daga hantsi har la'asar, jini bai samun lokacin sauka. Shawarar da aka ba kawuna ita ce a bar ma garin ɗan tsaki-tsakinshi, a rage surfe, a yawaita nono, kar a sa sukari, kuma a auna da ludayi guda, adadi guda, a lokaci guda kowace rana. Ya yi gunaguni sati biyu, sannan ya saba.

Abokan tafiya su ne wake, da ganye, da gujiya, da riɗi, da awara, da kifi ko nama in an samu. Waɗannan suna rage ma gari gudu. Shinkafa da wake, in waken ya rinjaya, ta fi shinkafa tsura. Kwaɗon zogale da ƙuli, ko na rama, ko na tafasa, in aka fara da shi kafin tuwo, yana cika ciki a rage malmala. Miyar kuka da ta kuɓewa a sa da yawa. Mu da Allah ya ba wake da zogale a Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, ba mu da hujjar cin tuwo da miya cokali biyu.

Masu gudu kamar doki kuwa su ne na sha. Kwalbar lemo ta santilita 33 tana ɗauke da wajen giram 35 na sukari, ninki bakwai na abin da ke cikin jini duka. Shayin majalisa, zagaye ukku, kowanne da sukarinshi, sau biyu ko ukku a wuni, ku lissafa da kanku. Zuma sukari ce. Rake sukari ne. Garin rogo da aka jiƙa da sukari, wuta biyu ce a haɗe. Aya, tun da mu ne masu noma ta: tauna ƴar kaɗan ba komi, tana da mai da tuƙa mai yawa, amma kunun aya da aka tace, aka sa dabino da sukari, lemo ne da wani suna. Mangwaro a ci guda, ba ƙwarya ba.

Akwai masu cewa ɗaci ke kashe zaƙi, suna ta shan saƙe-saƙin maɗaci da dogon yaro. Harshe ne ke jin ɗaci, jini bai san shi ba. Zogale abinci ne mai kyau ƙwarai, amma bai maye gurbin magani. Na ga wanda ya ajiye ƙwayoyinshi don wani gari da ya saya a bakin tasha. Bayan wata huɗu a amalanke aka kai shi likita.

Aiki, da ƙwaya, da allura

Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin kaɗan ne, kuma tana ci gaba da ja har washegari. Shi ya sa awon manomi ke sauka da damina, ya hau da rani, lokacin da aka koma zaman gindin bedi da dara da shayi. Wanda ba shi da aikin rani ya nemi tafiyar ƙafa ta minti 30 a wuni. In bayan cin abinci ce ta fi. Babur ya raba mu da tafiyar da iyayenmu ke yi zuwa kasuwa, sai mun neme ta da gangan.

Ƙwayar da aka fi farawa da ita ita ce metformin, wadda wani likita a Paris, Jean Sterne, ya fara ba masu ciwon sukari a 1957. Babban aikinta hana hanta yawan zubowa. Ana shan ta da abinci don kar ta dami ciki, kuma ita kaɗai ba ta cika kayar da sukari ƙasa da ƙima ba. Akwai wata, glibenclamide, mai tilasta ma fankireyas ta saki insulin ko an ci ko ba a ci ba. Wanda ke shan wannan, ƙetare abinci haɗari ne gare shi. Kowa ya san sunan ƙwayarshi, ya sa a rubuta mashi a karne.

In fankireyas ta gaji sosai, sai a kawo mata gudummawa daga waje. Allurar ke nan. Ba a shan insulin ta baki don ciki zai narka shi kamar nama. An gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, Banting da Best, kuma a Janairun 1922 aka fara ceton wani yaro da shi. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Masu cewa wanda aka ɗora bisa allura ya kusa kabari, sun juya maganar: jinkirin karɓar ta ne ke kai mutum can.

Amma ga bambancin da ya kayar da kawuna. Insulin na jiki yana zuwa in an ci, ya janye in ba a ci ba. Na allura, da ya shiga ya shiga, ba a kiran shi ya dawo. Mai gaugawa na da, wanda ke garai kamar ruwa, yana fara aiki bayan minti 30, ya yi ƙarfi tsakanin awa 2 da 4. Mai hazo-hazo kamar tsarki yana farawa a hankali, ya yi ƙarfi wajen awa 4 zuwa 10, ya kai rabin wuni ko fiye. Akwai kuma gaurayensu a kwalba guda. Kawu ya yi allura, bai ci ba, ya kuma kama noma. Allura na ja, tsoka na ja, ba abin da ke shigowa, kuma allurar ta hana hanta buɗe rumbunta. Giram 5 ɗin nan ba su da wuyar ƙarewa. Da awo ya sauka ƙasa da 0,70, ƙwaƙwalwa ce ke fara kuka: zufa mai sanyi, karkarwa, faɗuwar gaba, yunwa, jiri, fushi ba dalili, sambatu, daga nan suma.

Maganin wanga shi ne giram 15 na sukari nan take: ƙwaya ukku, ko babban cokali na zuma, ko rabin kofi na lemo. A jira minti 15. In bai warware ba a ƙara. Da ya warware a ba shi abinci na sosai. In kuwa ya riga ya suma, kar a ɗura mashi komi, zai shaƙe. A kwantar da shi bisa haƙarƙari, a nemi mota ko amalanke zuwa gidan likita mafi kusa, a gaya masu mai ciwon sukari ne kuma ga maganin da yake yi. Sukarin da ya hau yana ɓarnarshi cikin shekaru. Wanda ya faɗi yana iya kisa cikin wuni guda. Duk mai allura ko glibenclamide ya ƙulla ƙwayar sukari ukku a aljihu, kuma abokan gayyarshi su san da su.

Lokaci ukku nake so ku riƙe, don a cikinsu ne lissafi ke rikicewa. Na farko tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa, wasu gidaje suka koma ci sau ɗaya. Adadin maganin da ya dace da kaka yana iya yin yawa a Yuli da Agusta. Ba kunya ba ce mutum ya gaya ma likita gaskiyar abin da ke cikin tukunyarshi. Da ita zai gyara adadin. Kar mutum ya rage ko ya ƙara da kanshi. Na biyu zazzaɓin sauro: ciwo yana iya ɗaga sukari, rashin ci da kinin kuma suna iya kayar da shi, don haka a yawaita awo, kar a yanke allura ba da sanin likita ba. Na ukku azumi. A je a ga likita tun cikin Sha'aban, a kuma tambayi malam hukuncin marar lafiya. Ƙa'idar likitoci ita ce wanda awonshi ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura giram 3 ya sha ruwa. Buɗa-baki da kunu mai sukari, da lemo, da dabino cike da hannu, shi ke sa wasu ƙare azumi da awo fiye da yadda suka fara.

Ga wanda ke da injin awo a gida, abin da likitoci suka fi nema shi ne 0,80 zuwa 1,30 kafin cin abinci, da ƙasa da 1,80 awa biyu bayan an fara ci. Tsofaffi akan sassauta masu. Yadda muke gwajin iri a ƴar gona, haka za a yi: a auna kafin fura da bayanta yau, gobe a gwada da ɗan wake, a rubuta. Kawu ya gano haka cewa koko da ƙosai na kai shi sama da tuwon dare da aka ɗumama.

Saura ajiyar allura, tun da yawancinmu ba mu da firigo. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a barin ta ta daskare. Wadda ake aiki da ita kuwa, binciken da Likitocin da Ba Ruwansu da Iyaka suka yi da jami'ar Janeba, aka buga a 2021, bisa zafin wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya, ya nuna tana riƙe ƙarfinta sati huɗu a zafin da ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37. Namu na Afrilu da Mayu yana wuce 40, don haka sai an taimaka mata. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Dabarar ce wani malami na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don ajiyar tumatir da yalo har ya sami lambar yabo a 2000. A sa kwalbar cikin ɗan gwangwani mai murfi don kar ruwa ya taɓa ta, a rubuta ranar da aka buɗe ta, in ta cika sati huɗu ko ta yi gudaji a kai ma majo ya duba.